Sifirit a ɗaurayar ƙarshe: a zuba ko a bari? Hanyoyi huɗu na shanya fim ɗin kyamara a Kano

Duk wanda ke wanke fim ɗin baƙi-da-fari da hannunsa a garin nan ya san takaicin nan. Ka auna magani daidai, ka kiyaye lokaci, ka ɗauraye, ka rataye fim ɗinka kana murna, washegari ka ɗaga shi a haske sai ka tarar da farin tabo a tsakiyar fuskar mutum, ko wani dogon layi kamar sawun hawaye tun daga hoto na biyar har na goma sha biyu. Daga nan ake fara jin shawarwari. Wani ya ce a sa maganin santsi irin su Photo-Flo, wani ya ce a haɗa da sifirit, wani kuma ya ce a tsoma fim ɗin gaba ɗaya cikin sifirit, minti goma ya bushe. Wannan rubutu na wanda ya tsaya tsakanin waɗannan maganganu ne bai san wacce zai kama ba.

Sifirit ɗin da nake nufi shi ne aisofurofil, irin wanda masu gyaran waya a Farm Centre ke goge allon waya da shi. Ba abin sha ba ne, guba ne.

Abin da za mu auna da shi

Na farko tabo: bayan fim ya bushe, ya fito fes ko kuwa? Na biyu lokaci, domin muddin fuskar fim tana da danshi, tana da danƙo, duk ƙurar da ta sauka a kanta ta zauna kenan. Sai kuɗi, sai sauƙin aiki, sai ɗorewar nagatif ɗin, wato fim ɗin da aka wanke, bayan shekaru, sannan haɗari ga mai aikin da gidansa.

Kafin mu shiga zaɓi, a fahimci daga ina tabon yake fitowa, don rabin gardamar a nan take mutuwa. Ruwa yana da halin dunƙulewa. Zuba ɗigo a kan leda ka gani, ba ya bajewa, sai ya tattaru ya yi tozo. Masana suna auna ƙarfin wannan dunƙulewa, na ruwa kusan 72 ne a ma'auninsu, na aisofurofil kuwa wajen 22. A bayan fim, wato gefen da ke ƙyalli, ruwa yakan tsaya ɗigo-ɗigo. Idan ɗigon ya bushe, duk gishirin ƙasa da ke narke a cikinsa sai ya zauna a wurin, ya bar farin zobe. A gefen da hoton yake, wato fuskar jalatin, siririn shafi mai shan ruwa wanda hoton ke zaune a cikinsa, matsalar ta fi muni: wurin da ɗigo ya tsaya yana daɗewa a kumbure bayan kewayensa ya bushe, sai a sami tabon da ya shiga jikin hoton, gogewa ba ta fitar da shi. Ke nan abokan gaba biyu ne, dattin da ke cikin ruwan, da kuma tsayawar ruwan wuri guda. Na uku shi ne ƙurar Kano, wadda ba ta buƙatar gabatarwa.

Ruwan distil shi kaɗai

Wannan ita ce hanya mafi sauƙi. Bayan ka gama wanke fiksa daga fim, wato maganin da ke tabbatar da hoton don haske ya daina ɓata shi, sai ka jiƙa shi minti ɗaya zuwa biyu a ruwan distil, wato ruwan da ba shi da gishiri ko kaɗan, ka rataye. Tunda babu abin da ke narke a ruwan, ko ɗigon ya bushe ba abin da zai bari.

Wahalar ita ce samun ruwan na gaskiya. Ruwan famfo, na rijiya, na burtsatse, na 'yan garuwa, kowanne da halinsa, unguwa ma da unguwa sun bambanta. Ruwan leda kuma suna ne kawai ya haɗa su: wani an bi da shi ta injin da ke cire gishiri, wani tace shi kaɗai aka yi. Ga gwajin da nake yi, ba ya cin ko sisi. Ka goge madubi tas, ka ɗiga ɗigo ɗaya na kowane ruwa a jere, ka ajiye inda ƙura ba ta kai, ka dawo bayan sun bushe. Wanda ya bar zobe fari zai bar irinsa a fim ɗinka. Wanda ya ɓace ba alama, shi ne naka.

Ruwan batir da ake sayarwa wurin masu kayan mota yakan yi, amma a yi hattara ƙwarai, domin a shago guda ake sayar da ruwan ƙari da kuma mai asid, wani lokaci a robobi masu kama da juna. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ba shi da gishiri sosai, sai dai ya wanko ƙura da fumfunar cikin injin, dole a tace shi da kyau. Tafasa ruwa yana rage wani kaso na gishirin, shi ne farin da kake gani a gindin butar shayi, amma ba ya kwashe duka.

Aibin distil zalla shi ne bai hana ruwa dunƙulewa ba. A kan fim ɗin 35, wato mai faɗin milimita 35, mai hoto 36, wanda tsawonsa ya haura mita ɗaya da rabi, ɗigo yakan maƙale a ramukan gefe, ya jira sai tsakiya ta fara bushewa sannan ya gangaro. Haɗari babu, ɗorewa lafiya lau, amma sakamako yau da kyau gobe da sauƙi.

Maganin santsi a cikin distil

Maganin santsi ɗan'uwan sabulu ne da aka tace, ba turare, ba launi, ba mai. Aikinsa ya karya dunƙulewar ruwa, ruwan ya baje ya zama shimfiɗa guda siririya ta sulale ƙasa. Sanannu su ne Photo-Flo 200 na Kodak da Ilfotol na Ilford, dukansu kamfanonin sun ce kashi 1 cikin 200 na ruwa.

Ta fuskar kuɗi, sayen farko ne ke da ciwo, tunda sai an yo odarsa daga waje ko a ba mai zuwa daga Legas saƙo. Bayan nan ka huta. Kwalbar Photo-Flo mai mililita 473 tana haɗa kusan lita 95. Idan kana amfani da rabin lita a kowane wanki, wanki 190 kenan, kuma idan ka rage ƙarfinsa ya ninka. Mutum uku ma za su iya haɗa kuɗi su raba kwalba ɗaya.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne yawaitawa. Ana ganin kamar in an ƙara zai fi aiki, sai a tsiyaya da ido. Sakamakon shi ne kumfa, da wani maiƙo-maiƙo a bayan fim wanda sikana, na'urar da ke kwafe hoto zuwa kwamfuta, ke nunawa kamar gajimare. A nan maganin da kansa ya zama tabon. A cikin ruwan distil, ni rabin abin da aka rubuta nake sawa, wato 1 cikin 400: mililita 1 da ɗan ɗoriya a rabin lita. Sirinjin allura na kemis shi ne ma'aunin da ya dace, murfin kwalba ba ma'auni ba ne. Kada a girgiza tankin wankin fim, a bar fim ya kwanta shiru daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya.

Abu biyu ke biyo baya. Idan ka haɗa da yawa ka ajiye, a zafin Kano ba ya daɗewa sai ka ga wani yauƙi kamar zaren kuɓewa yana yawo a kwalbar, ƙwayoyin halitta ne suka samu gida. Don haka a haɗa na yau, a zubar yau. Na biyu, yana taruwa a kwarkwaron roba da ake naɗa fim a kai, bayan ɗan lokaci fim ya riƙa cijewa wajen sawa a cikin duhu. Mafita ita ce a zare fim daga kwarkwaron a yi ɗaurayar ƙarshe a wani kwano daban, ko a wanke kwarkwaron da ruwan ɗumi da tsohon buroshin haƙori bayan kowane aiki.

Maganin santsi da sifirit kaɗan

A nan ne gardamar take, kuma a nan zan ɗan daɗe. Masu wannan hanya suna ƙara aisofurofil kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a ruwan ɗaurayar. Ana faɗin amfaninsa uku: yana sa ruwa ya ƙara sulalewa, yana kashe kumfa, yana hanzarta bushewa.

Biyun farko gaskiya ne, ana gani da ido. Kumfa tana kwanciya da wuri, ruwan kuma yana zubewa daga jikin fim sumul. Na ukun ne aka yi wa ƙarin gishiri. Ruwan da ke saman fim cikin 'yan mintuna yake tsanewa ko da sifirit ko babu. Abin da ke cin lokaci shi ne ruwan da jalatin ya sha ya kumbura da shi, kuma haɗin da kashi 90 ɗinsa ruwa ne ba zai zuƙe wannan ba. Ƙari a kan haka, sifirit ne ke fara tashi, ya bar ruwan a baya. Shi ya sa sifirit kaɗan ba ya maye gurbin maganin santsi: a daidai lokacin da ake buƙatarsa, wato ƙarshen bushewa, ya riga ya yi gaba. Za ka ɗan samu ragin lokaci, amma fim ɗin da ke cin awa uku ba zai koma rabin awa ba.

Amfanin da na fi gani a sifirit wani ne daban, wanda ba a cika faɗi ba: aunawa da adanawa. Auna mililita 1 na abu mai kauri yana da wuya. Amma idan ka zuba mililita 5 na maganin santsi a cikin mililita 95 na aisofurofil, ka samu kwalbar da ba ta yin yauƙi, tunda ƙwayoyin nan ba sa rayuwa a sifirit mai ƙarfi. Ranar wanki sai ka ɗebi mililita 25 ka zuba a mililita 475 na distil. Lissafin ya ba ka maganin santsi 1 cikin 400, da sifirit ɗan ƙasa da kashi 5 cikin 100. Kwalbar za ta yi maka wanki huɗu, in ka so ka ninka adadin. Ka haɗa tun kafin ka fara wanke fim, domin sifirit da ruwa in sun haɗu sukan ɗan yi ɗumi su fitar da ƙananan kumfa, sai an ba su lokaci sun lafa.

Haɗarin wannan hanya ba a yawan sifirit ɗin yake ba, a irinsa yake. Na taɓa cin wannan wuya. Wata shekara na ɗauko hotunan Hawan Daushe, naɗi biyu, aisofurofil ɗina ya ƙare, na aiki yaro wani kemis a unguwarmu ya sayo sifirit na goge ciwo. Da na zuba a ruwa sai ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara, ga wani ƙamshi kamar na man zafi. Da na tsaya nan da na tsira. Na ce ai ba komai. Fim ya bushe da wani maiƙo mai launin bakan gizo a bayansa, duk ƙurar ɗakin ta manne a kai. Sai da na sake jiƙawa na wanke sau biyu, kuma wajen yin haka na karce hoton da na fi so, na wani mahayi da ya ja linzami doki ya miƙe. Dalili shi ne irin wannan sifirit na asibiti akan haɗa shi da man zurma da wani sinadarin ƙamshi don kada ya busar da fata. Wani kuma an sa masa launin shunayya. Duk ba sa yi. Wanda za ka nema shi ne wanda aka rubuta aisofurofil kashi 99, ko 91, ko 70 da ruwa kaɗai, wurin masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje ko masu kayan gyaran waya. Shi ma ka yi masa gwajin madubi: ɗigo ɗaya, in ya tashi bai bar komai ba, to.

A wannan ƙaramin ƙarfi, na minti ɗaya, fim ɗin baƙi-da-fari ba ya cutuwa. Hoton azurfa ne a cikin jalatin, sifirit ba ya narkar da ko ɗaya.

Wankan sifirit mai ƙarfi

Wannan dabarar tsofaffin masu ɗaukar hoton jarida ce, lokacin da edita ke tsaye a kai, injin buga jarida na jira. A tsoma fim a sifirit mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80 na minti biyu ko uku, sifirit ya kori ruwan da ke cikin jalatin ya maye gurbinsa, a rataye, cikin 'yan mintuna ya bushe. Yana aiki, ba ƙarya.

Sai dai su burinsu hoton gobe da safe ne, nagatif ɗin ko ya lalace bayan nan ba damuwarsu ba ce. Idan sifirit ya yi ƙarfi da yawa, ko iska ta yi zafi ta bushe ƙwarai, fim yakan yi hazo fari kamar an shafa masa nono, domin saman jalatin ya ƙanƙance da gaggawa. Sau da yawa sake jiƙawa a ruwa da shanyawa a hankali yana gyara shi, amma ka ga gaggawar ta koma baya. Yawancin fim ɗin 35 da na 120, wanda ya fi shi faɗi, kuma a kan robar asitet ake yin su, wadda ke da wani sinadari mai sa ta laushi, kuma daɗewa a sifirit mai ƙarfi yana iya tsotse shi, fim ya kanannaɗe ko ya yi tauri. Mitanol, wani nau'in sifirit, ya fi kowanne illa a nan, ga shi guba ce mai makantarwa, kada ma a kusance shi.

Ga kuma wuta. Tururin aisofurofil yana iya kamawa tun daga zafin digiri 12, ɗakunanmu kuwa kusan kullum sun wuce haka. Tururin ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi. Ka tuna abin da ke ƙasa a gidajenmu: risho, kaskon turaren wuta, maganin sauro mai hayaƙi, kyandir in an ɗauke wuta. Rabin lita a buɗaɗɗen kwano cikin banɗaki rufaffe ba wasa ba ne. Kuɗinsa ma ya fi na kowa, tunda kowane wanki yana ƙara masa ruwa, ƙarfinsa na raguwa.

Akwai masu cewa ɗigon sabulun wanke-wanke ya wadatar. Yana baje ruwa, gaskiya, amma yana ɗauke da turare, launi da gishiri, kuma tunda ba a ɗaurayewa bayansa, duk suna zama a jikin nagatif. Ban sa shi a lissafi ba.

| Hanya | Tabo | Bushewa | Kuɗi | Sauƙi | Ɗorewa | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Distil zalla | Wani lokaci | Awanni | Kaɗan | Mafi sauƙi | Lafiya | Ruɗewa da ruwan asid |
| Santsi a distil | Da wuya, in an auna | Awanni | Tsada sau ɗaya | Sai da sirinji | Lafiya | Babu |
| Santsi da sifirit kaɗan | Da wuya | Ɗan ragi | Ƙari kaɗan | Sauƙi bayan haɗin farko | Lafiya | Gurɓataccen sifirit |
| Sifirit mai ƙarfi | Hazo fari na iya fitowa | Mintuna | Mafi tsada | Sai da kula | Abin shakka | Wuta, tururi |

Duk wannan magana ta fim ɗin baƙi-da-fari ce na asali. Fim mai launi na tsarin wanki C-41 ko E-6, har da Ilford XP2 wanda baƙi-da-fari ne amma da C-41 ake wanke shi, hotonsa rini ne, an cire azurfar. Yana da ruwan ɗaurayarsa na musamman da ke zuwa cikin kayan wankin, mai ɗauke da maganin santsi da kuma abin da ke kare shi daga fumfuna. Da shi za a gama, kada a ƙara sifirit, kada a ɗauraye bayansa.

Wa ya dace da wacce

A Kano kalanda ce ke yanke rabin hukuncin. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Fim na bushewa da kansa da sauri har ya wuce kima, ya lanƙwashe kamar kwalfar rake, ya riƙa jan ƙura kamar maganaɗisu. Mai wanki a wannan lokaci ba ya buƙatar abin da zai ƙara masa sauri. Maganin santsi a distil ya ishe shi, sauran ƙoƙarin ya tafi wajen wurin shanya: ya yayyafa ruwa a banɗaki ko ya juye bokitin ruwan zafi tururi ya kwantar da ƙura, ya toshe taga, ya kashe fanka, ya rataye fim da kilif biyu a ƙasa don nauyi, ya ja ƙofa, ya gaya wa mutanen gida kada a buɗe sai bayan awa biyu. Wadirof ɗin yadi mai zif ya fi banɗaki ma, in akwai.

A watan Yuli da Agusta labari ya juya. Iska ta jiƙe, fim na iya wuni yana danƙo, a nan ne sifirit kaɗan ke biyan kuɗinsa, ko da ragin ba mai yawa ba ne. Da bazara kuwa, Maris zuwa Mayu, abin lura shi ne zafin ruwan: wanda ya wuni a tankin saman rufi yana sa jalatin laushi har farce ya kwashe shi. Ka sa robar distil ɗinka a cikin randa tun da safe, zafinta ya kusanci na sauran magungunan.

Wanda ke wanke naɗi ɗaya a wata biyu, kuma bai samu maganin santsi ba tukuna, ya tsaya a distil zalla, ya kaɗe ruwan tun fim na kan kwarkwaro, ya rataye shi a karkace na 'yan mintunan farko don ruwa ya bi gefe ya sauka. Wanda ke wanki duk mako, ko yake wanke wa abokai, haɗin kwalba na santsi da aisofurofil zai rage masa aune-aune kuma sakamakonsa zai riƙa zuwa iri ɗaya. Mai adana hotunan iyali ko na tarihi, waɗanda yake so jikoki su gani, ya riƙe santsi mafi ƙaranci a distil mafi tsabta, ya ba fim lokacinsa. Sifirit mai ƙarfi kuwa na wanda aka tsaya a kansa ne, yana da naɗin gwaji da yake so ya duba yanzu-yanzu ko kyamarar da zai saya tana yoyon haske, a tsakar gida, nesa da murhu.